Wasiƙa: Kafin mu kai ga maganar rataya, wa ya bar shi da yarinyar su biyu a ɗaki?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri ku da duk ma'aikatanku, Allah ya ƙara basira. Ni dai ba marubuciya bace, malamar firamare ce, shekara ashirin da 'yan kai ina fama da alli da yara, kuma a waya nake buga wannan, dan haka in kun ga ya karkace ku yi haƙuri ku gyara min, amma dan Allah kar ku yanke shi da yawa.

Na lura duk sanda kuka buga labarin fyaɗe, wasiƙun da ke biyo baya kusan magana ɗaya ce, wannan yace a rataye shi, wancan yace a dandaƙe shi, wani yace a harbe shi a bainar jama'a kowa ya gani. Wallahi ni ma haka zuciyata ke faɗa min, ba wai na fi kowa haƙuri bane. Amma sai a yi sati ɗaya ana kumfar baki, a watse, wata ya zagayo ku sake buga wani labarin, mu sake yin ihu bayan hari. Ban taɓa ganin wanda ya tambaya ba, shi mutumin nan ta ina ya bi, wa ya buɗe masa ƙofa, su wa suka ga alama suka kau da kai. Ni wannan tambayar ce ke hana ni barci, saboda akwai lokacin da amsar ta kasance ni ce.

Shekarun baya ina da wata ɗaliba a aji biyar, shekararta goma sha ɗaya, yarinya mai kaifin kai da surutun tsiya, irin wadda kafin ki gama tambaya hannunta na sama. A zango na biyu ta canja. Ta dena ɗaga hannu, ta koma barci a aji, abu kaɗan sai faɗa da 'yan uwanta, rubutunta ma ya lalace. Muna da wani malami da ke yi wa yara lesin bayan an tashi, kyauta yake yi, mutum mai fara'a mai girmama na gaba, in ana neman mai taimako shi ne na farko, iyaye kuwa ba su da magana sai tasa. Rannan ta same ni a bakin aji tace “Malama ni ba na son lesin ɗin nan.” Nace me yasa, tayi shiru tana kallon ƙasa. Nace lalaci ne ke damunki, wasu na neman irin wannan damar ba su samu ba. Na kira mahaifiyarta na faɗa mata, ita kuma ta yi mata abin da iyaye ke yi wa yaron da yaƙi karatu. Washegari ni da hannuna na kama ta na kai ta ƙofar ajin, nace masa Malam ga 'yarka nan a sa mata ido sosai. Malam Edita, haka na faɗa, a sa mata ido.

Sai bayan wata huɗu maganar ta fito, kuma ba daga bakinta ba, wata ƙawarta ce ta faɗa wa yayarta. Abin da makarantar ta yi shi ne aka kira shi ofis, aka rufe ƙofa, aka ce ya ajiye aiki da kansa dan kar sunan makaranta ya ɓaci, iyayen ma suka ce a rufa musu asiri. Ya tafi da takardar shaidar aiki mai kyau a hannu. Daga baya naji ya samu wata makarantar.

To shi yasa in naji ana ta a rataye, sai in ce wa za a rataye, ai wannan ko ƙofar ofishin 'yan sanda bai gani ba, kuma irinsa sun fi yawa nesa ba kusa ba. A watan Oktoba 2024 UNICEF ta fitar da ƙiyasi cewa mata fiye da miliyan 370 da ke raye yanzu, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko wani cin zarafin lalata kafin su kai shekara 18, maza kuma tsakanin miliyan 240 zuwa 310, kusan ɗaya cikin goma sha ɗaya. Ku ɗauki aji mai yara arba'in ku yi lissafin da kanku, ni na yi kuma ban ji daɗi ba. Wace kotu ce a duniya ta ga ko kashi kaɗan na wannan adadin? Indiya ta gwada hanyar tsanani, bayan abin da aka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a Delhi a Disamba 2012 sun tsaurara doka, a 2018 suka ƙara hukuncin kisa ga wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 12, a Maris 2020 aka rataye mutum huɗu na waccan shari'ar, amma a 2022 alƙaluman gwamnatinsu sun nuna ƙararrakin fyaɗe sama da dubu 31, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 wanda ya aikata sananne ne ga wadda aka yi wa. Masu kare yara a can tun lokacin suka yi gargaɗi, in mai laifin kawu ne ko mijin uwa ko ɗan yaya, kuma aka san igiya ke jiransa, dangi rufe bakin yarinyar za su yi. Ba ina cewa a sassauta wa kowa bane, a hukunta, a kuma tabbatar hukuncin na zuwa, amma ni a matsayina na malama igiya ba ta cikin aikina, ƙofar aji ce aikina.

Bayan abin nan ya faru na shiga karance-karance kamar mahaukaciya, a nan na ci karo da bayanin wani masani ɗan Amurka, David Finkelhor, da ya yi tun 1984. Yace kafin mutum ya lalata yaro sai abu huɗu sun haɗu: yana da sha'awar yi, ya danne zuciyarsa da ke hana shi, ya tsallake mutanen da ke tsare da yaron, sannan ya karya turjiyar yaron. Da na karanta sai naga na farko da na biyu suna cikin ƙirjinsa ba mai gani, na huɗu kuma shi ne muke ɗora wa yaro, mu ce ki kula da kanki, kar ki yarda, kamar 'yar shekara goma za ta iya da ƙato mai wayon shekara arba'in. Na ukun shi ne namu, mu manya, kuma shi ne muka fi sakaci da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan mu ne.

Mutane na zaton mai wannan hali wani baƙo ne mai jajayen ido da ke laɓe a lungu. A'a. Yawanci sai ya fara sayen zuciyar iyaye tukunna kafin ya taɓa yaro. Shi ne mai kai ta makaranta a mota in kun makara, shi ne mai lesin kyauta, mai sayo mata ƙaramar waya, mai cewa bar ta kawai ai 'yata ce. Yana zaɓen yaron da ya ga ba a sauraronsa a gida ko wanda ake yawan duka ko maraya, ya fara da 'yar kyauta da ɗan sirri mara komai, kar ki faɗa wa Mama na ba ki wannan, ya ga ko za ta riƙe, in ta riƙe ya ƙara mataki, ɗan taɓawa kamar wasa, har ya kai inda yake so, lokacin kuma yarinyar na ganin ita ma da laifinta tunda ta karɓi kaya kuma ta ɓoye. Wata da watanni yake yi yana gini, a gabanmu, muna sa masa albarka.

Ku duba likitan nan na 'yan wasan motsa jiki a Amurka, Larry Nassar. A Janairu 2018 mata sama da 150 suka tsaya a kotu ɗaya bayan ɗaya suna faɗin abin da ya yi musu da sunan magani, aka yanke masa shekara 40 zuwa 175. Tun shekarun 1990 akwai yaran da suka kai ƙara wurin manya aka ce musu ba su fahimci aikin likita bane. Wasu ma iyayensu na zaune a ɗakin yake yi, ya tare da jikinsa. Mutuncin da ake ganinsa da shi ne ya zame masa labule shekara da shekaru, daidai irin labulen da muka ba namu malamin.

Dan haka abu na farko da nake roƙon kowace makaranta da wurin ibada da ƙungiyar wasa da gidan marayu da duk inda ake tara yara, a kafa doka a rubuta a manna a bango, babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya a inda ba mai ganinsu. Lesin a yi shi ƙofa buɗe ko yara uku zuwa sama, ofis a sa masa gilashi ko a cire labule, direba kar ya rage da yarinya ɗaya a mota ba tare da an san hanya da lokaci ba, malami ba ya tura wa ɗaliba saƙo a waya sai ta lambar iyaye ko a guruf, likita in zai duba yaro ga nas ko uwa a tsaye a inda take ganin hannunsa. Daɗin wannan doka shi ne ba ta zargin kowa, ta hau kan hedimasta ta hau kan mai gadi, ta hau kaina ni ma. Matsalarmu kullum ita ce nauyin baki, ta yaya zan ce wa Malam wane ban yarda da shi ba, to ba sai kin faɗa ba, kawai ki ce doka ce Malam. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Mutumin kirki ma doka ce ke kare shi daga ƙazafi. Wanda kuma kuka ga kullum shi ke neman a yi masa togiya, shi ke jin haushi wai ana zarginsa, to ku buɗe ido.

Kuma dan girman Allah a dena sallamar mutum a ɓoye da takarda mai kyau. Duk makarantar da za ta ɗauki malami ta kira inda ya baro ta tambaya ƙarara, me ya raba ku, za ku yarda ya sake koyar da 'ya'yanku? Kira ɗaya ne na minti biyar. Da an yi mana wannan kiran ban san me hedimasta zai ce ba, amma ni na san me zan ce.

A birnin New York an yi wani gwaji a makarantu 30 da ya burge ni saboda sauƙinsa, aka ba yara taswirar makarantarsu aka ce su shafa launi a inda suke jin tsoro da inda suke jin aminci, sai aka ƙara malamai masu zagaye a wuraren da suka nuna, kuma cin zarafin ya ragu. Na gwada shi a ajina da takarda da jan biro, wallahi wuraren da suka nuna ban taɓa kawo su a raina ba, bayan banɗaki, ƙarƙashin bene, ɗakin ajiye kujeru da muke aiken yaro ɗaya ya ɗauko mana abu. Yara sun san inda ke yoyo, ba a tambayarsu ne kawai. Unguwa ma haka take, kango, gini da ba a ƙarasa ba, hanyar banɗaki da ba fitila, matan wurin sun san su duka in za a zauna da su.

Sai maganar koyar da yaran kansu, wadda nan ne iyaye ke tada jijiyar wuya wai za a buɗe musu ido. Ba wanda yace a koya wa ɗan shekara biyar zaman aure. Abin da ake cewa kaɗan ne: jikinka naka ne, inda wando da riga ke rufewa ba mai taɓawa ba mai kallo, ba kuma wanda zai sa ka taɓa nasa, ko waye shi, kuma duk sirrin da ke sa cikinka ya ɗuri ruwa ba a riƙe shi, ka faɗa, in wanda ka faɗa wa bai ji ba ka faɗa wa wani. A Birtaniya wata ƙungiyar kare yara, NSPCC, tun 2013 take koyar da wannan ga ƙananan yara ba tare da an ambaci kalmar batsa ko ɗaya ba. A 2015 masana sun haɗa bincike 24 da aka yi kan yara kusan 5,800, suka ga yaran da aka koya wa sun fi sanin yadda za su kare kansu, kuma ba a ga alamar darasin ya jefa su cikin tsoro ko damuwa ba. Wanda ke buɗe wa yaro ido shi ne wancan da muka bar masa fili ya zama malaminsa na farko a kan maganar.

Kuma a ba yaro sunan da zai kira gaɓoɓinsa wanda kowane babba zai gane. In yarinya ba ta da kalma, me za ta ce? Cewa za ta yi ba na son lesin. Cewa zai yi ba na son zuwa gidan Kawu. Wannan ita ce ƙarar tasu, iyakar abin da bakinsu zai iya ɗauka kenan, suna jefa ɗan ƙaramin dutse ne su ga zurfin ruwan, in kika hau faɗa shikenan an rufe. Yanzu in yaro yace min baya son zuwa wurin wani, ajiye abin hannuna nake yi in zauna daidai tsayinsa in ce faɗa min, me ke faruwa a can, ba zan dake ka ba. Haka nan mu dena tilasta yaro ya hau cinyar wani ko ya rungume shi dan kar a ce ba shi da tarbiyya, gaisuwa da baki ta isa ladabi. In kullum muna koya masa cewa babba ba a ce masa a'a, ranar da a'a ce kaɗai za ta cece shi ba zai same ta a bakinsa ba.

Wani abu da ke ci min rai shi ne tambayar nan ta me yasa ba ki yi ihu ba. A wani bincike da aka buga a 2017 likitoci a Stockholm na ƙasar Suwidin sun tambayi mata 298 da suka zo asibiti bayan fyaɗe, kashi 70 cikin 100 suka ce jikinsu ne ya sandare, ba motsi ba murya. Halitta ce, tsoro in ya kai maƙura haka yake yi wa jiki. To wannan ya kamata ɗan sanda ya sani, alƙali ya sani, uwa ta sani, kafin ta ɗaga hannu.

Amma hakan ba ya nufin horar da 'yan mata aikin banza ne. A Kanada wata farfesa, Charlene Senn, ta gwada darasin awa 12 kacal a kan ɗalibai mata 893 'yan shekarar farko a jami'o'i uku, aka buga sakamakon a 2015: cikin shekara ɗaya waɗanda ba su yi darasin ba kashi 9.8 aka yi wa fyaɗe, waɗanda suka yi kashi 5.2. Kuma kaso mai yawa na darasin kan gane haɗari ne daga wanda ka sani, saurayi, aboki, ɗan ajinku, yadda yake ƙoƙarin ware ki daga mutane, da yadda kunya da gudun ɓata masa rai ke sa mace ta tsaya har lokaci ya ƙure. A unguwannin talakawa na Nairobi ma an yi irinsa, zama shida na awa bibbiyu, 'yan mata na koyon faɗin a'a da ƙarfi da kuɓutar da kai, samari kuma ana zama da su daban, wani gwaji da aka buga a 2017 ya nuna raguwar kusan rabi. Awa 12 fa, Malam Edita. Mu da muke ɓata sati guda muna shirin bikin raba kyaututtuka.

Samarin nan su ne aka fi mantawa, ta fuska biyu. Na farko su ma ana yi musu, kuma nasu shirun ya fi na mata zurfi dan ana ganin namiji ba ya kuka, ga kuma sabon salon waya da wani zai yi shigar budurwa ya karɓi hoton tsiraicin yaro ya dawo yana barazanar watsawa, ku faɗa wa ɗanku tun yau cewa in hakan ta faru ya zo wurinku, kar ya biya, kar ya goge saƙonnin, kuma ba za ku kashe shi ba. Na biyu, kullum 'ya mace muke yi wa huɗuba, ina za ki, me kika saka, da wa kike waya, shi kuwa namijin ba mai zaunar da shi yace masa in mace tace a'a to a'a ce, in ta yi shiru dan tsoro ba yarda bace, in tana barci ko ba ta cikin hayyacinta ba yarda bace, kuma dan ka kashe mata kuɗi ba ka saye ta ba. Wannan magana daga bakin uba ko yaya ko kocin ƙwallo ta fi shiga fiye da daga bakina.

Shari'ar da aka yi a Avignon na Faransa a 2024 ta isa misali. Wani mutum ya yi kusan shekara goma yana sa wa matarsa Gisele Pelicot maganin barci yana gayyato maza ta intanet, a Disamba aka samu mutum 51 da laifi, mijin ya samu shekara 20. A cikinsu akwai ɗan kwana-kwana, akwai nas, akwai soja, akwai direbobi, akwai ɗan jarida, magidanta masu 'ya'ya. Kuma a tsawon shekarun nan ba ko ɗaya cikin waɗanda suka san abin da ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda. Matar nan ta ƙi a yi shari'ar a ɓoye, tace kunya ta koma kan masu laifin. Ni dai na jinjina mata.

Wannan shirun na 'yan kallo shi ma ana iya koyar da maganinsa. A jihar Kentucky ta Amurka an bi makarantun sakandare 26 na tsawon shekara biyar da wani shiri mai suna Green Dot, ana koya wa ɗalibai cewa in ka ga abu ba daidai ba ba sai ka zama jarumi ba, ko ka yi magana kai tsaye, ko ka kira wani da ya fi ka ƙarfi, ko kawai ka katse abin da wata dabara, ki zo ana kiranki, ina wayata da na ba ki. A Kampala kuma akwai SASA, kalmar Suwahili ce ma'anarta yanzu, mutanen unguwa ne na yau da kullum maza da mata aka horar suna ta hira da maƙwabta shekara da shekaru kan yadda mai ƙarfi ke amfani da ƙarfinsa a gida, a sakamakon da aka buga a 2014 dukan mata ya yi ƙasa da kusan rabi a unguwannin da aka yi idan aka kwatanta da sauran. Ba taron otal na kwana ɗaya da riga da hula da hoto bane, wanda shi muka iya.

In kuma abin ya riga ya faru, akwai lamba ɗaya da nake so kowace uwa ta haddace kamar lambar wayarta, 72. Maganin kariya daga ƙanjamau da ake kira PEP dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa har awa 120. Kar a yi mata wanka tukunna in zai yiwu, kar a wanke kayan, a sa su a takarda ba leda ba, a tafi asibiti. Mu kuwa kwana ukun nan a taron dangi muke cinye su, ana jiran babban yaya ya iso, ana ta a yi haƙuri a rufa asiri, asirin wa? Kalmar farko da za ta ji daga bakinki ita za ta riƙe har tsufa, ki ce na yarda da ke, ba laifinki bane, kin kyauta da kika faɗa. Ki yi kukanki daga baya a banɗaki. Kuma kar a sa ta maimaita labarin ga mutum goma, a Aislan tun 1998 suka buɗe gida ɗaya da ɗan sanda da likita da mai ba da shawara ke zuwa su sami yaron, a yi masa tambaya sau ɗaya a naɗa, Afirka ta Kudu ma na da cibiyoyin Thuthuzela a asibitoci masu kama da haka.

Maganar a aura masa ita a huta kuwa, ban ma san ta ina zan fara ba. A Maroko a 2012 wata yarinya 'yar shekara 16, Amina Filali, ta kashe kanta bayan an aurar da ita ga wanda ya yi mata fyaɗe, sai a 2014 majalisarsu ta cire sashen dokar da ke ba shi mafita, Tunisiya da Jodan da Labanon suka bi a 2017. Cire shi daga littafin doka ya fi sauƙi kan cire shi daga falon gida.

Ku ma 'yan jarida ina da ƙorafi a kanku, ku yi haƙuri. Kuna ɓoye sunan yarinya amma ku faɗi layinsu da sana'ar babanta da ajin da take, to me kuka ɓoye? Kuma ku dena rubuta wai an kama shi yana lalata da 'yar shekara tara, kamar su biyu suka shirya, fyaɗe ya yi mata, ku rubuta haka. Roƙona shi ne duk labarin irin wannan da za ku buga ku sa ɗan akwati a ƙasa, layi uku kawai, awa 72, kar a wanke, ga inda za a je. Sannan ku riƙa komawa kan kes ɗin bayan wata shida ku faɗa mana ina aka kwana, ko fayil ɗin ya ɓata ne kamar yadda aka saba.

Ita ɗalibar tawa iyayenta sun cire ta a ƙarshen zangon. Sau ɗaya na sake ganinta, ta girma, ta gaishe ni da ladabi har da rusunawa, ni kuma bakina ya kasa furta abin da na yi shekaru ina shiryawa, nace ya karatu, tace lafiya lau Malama, ta wuce. A inda nake koyarwa yanzu sau uku ina kai maganar dokar ƙofa a buɗe wurin taron malamai, an karɓi rabi, ɗakin ajiye kujeru an sa masa kwaɗo makulli na hannun mutum biyu, amma gilashin ofis har yau ana cewa sai an duba kasafi. Sati mai zuwa akwai taron iyaye, na riga na sa sunana cikin masu magana.

Taku,
Wata malamar firamare